Sharhi: Haƙƙin yaro mai otizim a makaranta ba ya zuwa sai iyaye sun nema

Labarin kusan iri ɗaya ne a gidajen ƴan Nijar da dama da ke zaune a Faransa. Yaro ya kai shekara 3, an sa shi makarantar ƙananan yara kamar yadda doka ta tilasta tun 2019. Bayan ƴan makwanni malama ta kira iyaye ta ce yaron ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya wasa da sa'o'insa, in ƙararrawa ta kaɗa sai ya toshe kunnuwa ya zube ƙasa yana kuka. Ta ba da shawarar a ga likita, ta kuma ambaci wani ofishi da ake kira MDPH. Uban ya tambayi ma'anar haruffan, da ya ji akwai kalmar naƙasa a ciki sai ya ɗaure fuska. Da dare aka kira gida ta WhatsApp, kakar yaron ta ce: "Haba ɗan nan, kai ma ai sai da ka shekara huɗu kafin ka yi magana. Ku kawo mini shi hutu a yi masa rubutu, zai warware." Aka cusa takardun malama a aljihun tebur. Shekara ta ƙare, yaron yana zuwa makaranta awa biyu da safe, uwar ta bar aikinta don ta riƙa ɗauko shi, kuma har yanzu babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya na neman taimako.

Matsayin wannan kafa a kan lamarin a fili yake: wannan shekarar da ta wuce asara ce, kuma asara ce da ake iya kaucewa. Dokar Faransa ta tanadi taimako ga irin wannan yaro, amma ta ɗora nauyin nema a wuyan iyayensa. Malama ba za ta iya nema a madadinsu ba, darakta ma haka. Muddin uwa ko uba ba su sa hannu ba, dosiye ba ya motsi.

Mene ne otizim

Otizim, wanda wasu kafofin Hausa ke kira galahanga, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun yaro yana ƙarami. Yana shafar magana da mu'amala da mutane, yana sa yaro ya riƙa maimaita wasu abubuwa, ya tsani canji, ƙara ko haske ko taɓawa su dame shi fiye da kima. Likita Leo Kanner ne ya bayyana shi a rubuce a Amurka a 1943. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100, kuma an fi gano shi ga maza. Yaran ba ɗaya suke ba: wani ba ya magana sam, wani kuma yana karatu tun kafin sa'o'insa amma ba ya iya zama a cikin hayaniyar aji.

Gado na da babban rabo a cikin sababinsa. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Ba allurar riga-kafi ba ce: binciken 1998 da ya yaɗa wannan zargi, mujallar The Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010. Haka kuma harshe biyu a gida ba ya jawo shi. Wannan batu ya shafi ƴan ci-rani kai tsaye, domin akwai iyayen da ke daina yi wa yaro Hausa da zarar an ce yana da jinkirin magana. Yin haka yana yanke shi daga hirar gida da ta kakanninsa, ba tare da an samu wata riba ba.

Babu magani na sha da ke kawar da otizim. Abin da ke taimakawa shi ne horo da wuri a kan sadarwa da zaman aji da kula da kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Addu'a ba ta hana cika takarda, takarda ma ba ta hana addu'a.

Inda ake farawa

Matakin farko likita ne: likitan gida, ko na cibiyar kula da uwa da yaro ta PMI, ko likitan makaranta. Shi zai sa a auna jin yaron, domin kurumta na iya kama da wasu alamomin. Daga nan zai iya tura shi cibiyar CAMSP, mai karɓar yara daga haihuwa zuwa shekara 6, ko kuma dandalin PCO da aka fara kafawa a 2019, wanda ke biyan kuɗin wasu ƙwararru tun kafin a tabbatar da sunan lalurar. Kowane yanki kuma yana da cibiyar otizim ta CRA. Layin jira a waɗannan wurare yana da tsawo, watanni, wani lokaci fiye da shekara.

A nan ne iyaye da yawa ke yin kuskure: suna zaman jiran sakamakon ƙarshe kafin su je MDPH. Ba dole ba ne. MDPH tana duba wahalar da yaro ke sha da abin da yake buƙata, kuma takardar likita da ta bayyana wannan ta isa a buɗe dosiye.

Dokar 11 ga Fabrairun 2005 ce ta kafa MDPH, ɗaya a kowane dapartama, ta kuma ba kowane yaro mai lalura haƙƙin a rubuta sunansa a makarantar da ta fi kusa da gidansu. Dosiyen ya ƙunshi fom ɗin nema, da takardar likita da ba ta wuce wata 12 ba, da shaidar ko wane ne yaron da iyayensa, da shaidar wurin zama. Sai takarda ta makaranta mai suna GEVA-Sco, wadda ake cikawa a taron malamai da iyaye, inda ake rubuta abin da yaron ke iya yi shi kaɗai, da abin da sai da taimako, da abin da bai kai ba tukuna. Akwai kuma malami na musamman da ake kira anseñan referan, wanda aikinsa shi ne haɗa iyaye da makaranta da MDPH. Darakta ya san sunansa, a tambaye shi.

Shafin da kunya ke ɓatawa

A cikin fom ɗin akwai wurin da aka bar wa iyaye su bayyana rayuwar yaron da bakinsu. Wannan shafi ne ya fi wahalar da Bahaushe. An tashi da tarbiyyar cewa in an tambayi lafiya a ce lafiya lau, in an tambayi gajiya a ce babu gajiya, kuma ba a tona asirin gida ga baƙo. Tarbiyya ce mai kyau a wurin gaisuwa. A kan wannan takarda kuwa cutar da yaro take yi. Mutanen da za su karanta dosiyen galibi ba su taɓa ganin yaron ba. In uwa ta rubuta cewa yana da natsuwa, ana dai haƙuri, to za a auna taimakon daidai da abin da ta rubuta.

Abin da ake so shi ne bayani dalla-dalla: sau nawa yake farkawa da dare, ko yana zuwa bayan gida da kansa, abinci kala nawa yake yarda ya ci, ko ya taɓa kufcewa ya fita titi, minti nawa ake ɗauka kafin a sa masa takalmi, aikin wa ya tsaya saboda shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda Faransancinsa bai kai ba yana iya neman taimakon jami'ar jin daɗin jama'a ta unguwa ko ƙungiyar iyaye, amma ya tabbata an karanta masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu. A ajiye kwafin kowace takarda, a kuma nemi shaidar cewa an karɓi dosiyen.

Wata tawagar ƙwararru ce ke nazarin dosiyen, sannan kwamitin CDAPH ya yanke shawara. Iyaye na da damar neman a saurare su, su kuma je da wanda zai raka su. Abin da ake iya samu ya haɗa da mataimakiyar ɗalibi da ake kira AESH, ko ta yaron shi kaɗai ko wadda zai raba da wasu. Ko gurbi a ƙaramin aji na ULIS a cikin makarantar kowa. Ko ajin otizim na ƙananan yara, UEMA, mai ɗaukar yara 7. Ko tawagar SESSAD mai bin yaro gida da makaranta. Ko kayan aiki irin su kwamfuta. Ana tattara wannan duka a tsarin karatun yaron, PPS, wanda ake sake dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara. A fom ɗin nan ɗaya ake neman tallafin kuɗi na AEEH.

In an ƙi, ko an yi shiru

Doka ta ba MDPH wata 4. In suka wuce babu amsa, a doka ana ɗaukar shirun a matsayin ƙi, ko da yake a aikace dosiye kan ci gaba da tafiya kuma dapartama da yawa na wuce wa'adin. Lissafin mai sauƙi ne: wanda ke son ɗansa ya shiga aji da mataimakiya a Satumba, to ya ajiye dosiyensa tun cikin sanyi, Janairu ko Fabrairu. Wanda ya bari sai Yuni ya riga ya makara.

In shawarar ba ta yi ba, akwai wata 2 na rubuta ƙorafi ga MDPH ɗin kanta, wanda ake kira RAPO, kuma sai an bi ta nan kafin a je kotu. In kuwa an amince da mataimakiya amma ba a turo ta ba, to matsalar ta koma ta ma'aikatar ilimi: a rubuta wasiƙa mai rajista ga shugaban ilimi na dapartama, in bai motsa ba akwai kotun harkokin mulki, akwai kuma ofishin Mai Kare Haƙƙoƙi, wanda kai masa kuka kyauta ne. Umarnin ma'aikatar ilimi na 2017 ya ce zuwan mataimakiya ba sharaɗi ba ne na karɓar yaro a makaranta. Saboda haka daraktan da ya ce a zauna da yaro a gida har sai an samu mataimakiya, a nemi ya rubuta hakan a takarda. Tun ranar 8 ga Afrilun 2009 kotun ƙolin harkokin mulki ta Faransa ta yanke cewa gwamnati ba za ta fake da rashin gurbi ba wajen hana yaro mai lalura karatu. Dokar 27 ga Mayun 2024 kuma ta ɗora wa gwamnati biyan mataimakiya har a lokacin cin abincin rana.

Kada wannan jeri ya sa a ɗauka tsarin Faransa ba shi da aibi. Tun 2004 kwamitin haƙƙoƙin zamantakewa na Majalisar Turai ya same ta da gazawa a kan karatun masu otizim. Mataimakan ɗalibai galibinsu mata ne masu aikin da bai cika ba da albashi kaɗan, don haka ba sa isa, kuma kowace Satumba akwai yaran da ke shiga aji ba tare da taimakon da aka rubuta musu ba. Babban aibinsa shi ne ya fi yi wa wanda ya iya takarda daɗi. Likita ko lauya zai cika dosiye cikin mako guda, mai aikin dare a sito kuwa sai ya yi wata uku yana juya shi. Wannan dalili ne na ƙara ƙwazo da haɗa kai. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje sun ƙware wajen tara kuɗin biki da na mayar da gawa gida. Ya kamata kowace ta samu mutum biyu ko uku da suka san wannan hanya, masu raka uwa taron makaranta su fassara mata.

Ga mazauna wasu ƙasashe, sunaye ne suka bambanta. A Amurka dokar IDEA ta ba iyaye damar neman makaranta ta auna yaro kyauta, a tsara masa shirin IEP. A Ingila ana neman shirin EHCP daga hukumar yanki, wa'adinsa mako 20. Ko'ina dai nema a rubuce ne ke fara ƙirga kwanaki.

Tsoron da ke hana sa hannu

Iyaye ba don rashin ƙauna suke jan ƙafa ba. Wasu na tsoron a ƙwace musu yaro. MDPH daban take da hukumar kare yara, kuma neman taimako shaida ce ta kulawa. Abin da doka ta ce shi ne, in makaranta ta ba da shawarar a nema, iyaye suka yi wata 4 ba su amsa ba, ma'aikatar ilimi za ta sanar da MDPH don ta nemi tattaunawa da su. Wasu na tsoron tambarin naƙasa ya bi yaron har girma. Wannan tsoro yana da tushe, domin akwai malaman da ke rage tsammani ga yaro da zarar sun ga dosiye, akwai kuma dangin da za su riƙa nuna gidan da baki in an zo batun aure. Sai dai shawarar CDAPH a kan makaranta tana da wa'adi, ana sake duba ta, bayanan likita kuma sirri ne. Yaron da aka bari babu dosiye ma bai tsira daga tambari ba. Ana kiransa mai taurin kai, marar ji, ɗan da iyayensa suka kasa.

Sai babbar shawarar da dangi ke bayarwa: a mayar da shi gida. Gidan gandu yana da abin da bene na hawa takwas ba shi da shi: fili, da hannaye da yawa, da kaka mai haƙuri. Amma duk wanda zai yanke wannan shawara ya fara tambayar kansa wace makaranta ce za ta karɓi yaron a Maradi ko Tawa, kuma wa zai koya masa magana.

Halin da ake ciki a gida

A takarda Nijar ba ta baya. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin masu naƙasa a 2008, wadda sashenta na 24 ya tanadi karatu tare da kowa. Akwai dokar tsarin ilimi ta 1998, akwai dokar Disamban 2019 a kan shigar da masu naƙasa cikin al'umma. Akwai makarantun makafi da na kurame da suka daɗe suna aiki. Amma lalurar da ba a gani da ido ita ce aka bari a baya. Ƙwararrun kaɗan ne, mafi yawansu a Yamai. Malamin da ke da ɗalibai cunkus a ajin zana ba a koya masa abin da zai yi da yaron da ke toshe kunne ba. Abin da uba zai samu in ya je da irin wannan yaro ya dogara ga kirkin daraktan da ya tarar. Wani ya karɓa, wani ya ce a kai shi gida sai ya yi hankali. Wanda ke da hali ya nufi makarantar kuɗi, wanda ba shi da shi ya rufe ƙofa. Mafi muni shi ne yaron da ake duka ko ake ɗaurewa da sunan fitar masa da iska.

Duk da haka iyayen da ke gida ba su rasa abin yi ba. A fara da likitan yara a asibitin jiha ko cibiyar lafiyar uwa da yaro, a auna ji, a nemi takardar da ta bayyana halin yaron. A rubuta wa darakta wasiƙa, a kai kwafi ofishin sufeton makarantu, a sa kwamitin kula da makaranta na CGDES da ƙungiyar iyaye mata cikin maganar. Zuwa da kai ya fi aike, amma takarda ce ke zama shaida in an canja darakta. A nemi abubuwan da ba sa cin ko dala: wurin zama ɗaya a gaba nesa da ƙofa, tsarin yini da aka zana da hotuna, gargaɗi kafin a canja aiki, izinin fita ya huta in hayaniya ta yi yawa, farawa da rabin yini a riƙa ƙarawa, barin yaya ko inna ta zauna kusa da shi a makwannin farko, littafi ɗaya da malami da uwa za su riƙa rubuta wa juna, da alkawarin cewa bulala ba za ta taɓa shi ba.

Ga ma'aikatar ilimi kuwa, ba a ce ta kwaikwayi tulin takardun Faransa ba. Abu huɗu sun isa a fara. Fom guda mai shafi ɗaya, da Faransanci da harsunan ƙasa, da uba zai iya cikawa a kowace makaranta. Jami'i ɗaya a kowane ofishin sufeto da aka san shi ne ke amsawa, da wa'adin amsa. Darasi a kan otizim a makarantun horar da malamai na Maradi da Damagaram da Tawa da Doso. Sai umarni a rubuce cewa babu daraktan da zai kori yaro saboda lalura ba tare da ya ba da dalili a takarda ba. Ƴan Nijar da ke aikin mataimakan ɗalibai da jinya da koyar da magana a Turai da Amurka su ma suna da abin bayarwa in an buɗe musu hanya, ko da horo ne ta intanet.

Kowace shekara ranar 2 ga Afrilu ana bikin ranar otizim ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 2007. Ana jawabai, ana ɗaukar hoto, a watse. Ga uwar da ke Liyon ko Marsai, ranar da ta fi wannan muhimmanci ita ce ranar da ta karɓi shaidar ajiye dosiye, domin daga nan ne wata 4 ke fara ƙirguwa. Takardun malama suna nan a aljihun tebur. A ciro su yau, a nemi randebu da likita, a tambayi darakta ranar taro.